Filin Tambaya da Amsa: Ina Makasar Ƙwayar Ciwon Barci da Sammore Take?

Wasiƙu uku na ware a wannan watan domin duk a kan halitta ɗaya suke magana, ko da yake masu su ba su san juna ba. Masu tambaya kan hawan jini da gyambon ciki ku yi mini haƙuri sai fitowa ta gaba, in Allah Ya kai mu.

Daga wata ɗaliba, Zariya: Assalamu alaikum Malam. Ina aji uku a sashen harhaɗa magunguna. An ba mu aiki a kan ciwon barci, an ce mu bayyana wuraren da magani ke kai wa hari a jikin ƙwayar cutar. Sunayen duk na haddace su, amma ban gane ba. Ƙwayar a cikin jinin mutum take, maganin ma cikin jinin yake shiga. Yaya aka yi yake kashe ta ya ƙyale mutum? Kuma tunda an san wuraren, me ya sa aka daɗe ba a samu magani mai kyau ba?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yata, Allah Ya ba da ilimi mai amfani. Abin da malamanku ke nufi muna da sunansa a Hausa tuntuni, a bakin maharba yake: makasa. Kawuna, Allah Ya jiƙansa, maharbi ne a ƙasar Kubau. Ina yaro na sha jin yana gaya wa yaransa cewa kowace dabba da makasarta, ta gada daban, ta gwanki daban, kuma sanin makasa ba ya ba ka nama sai kibiyarka ta isa wurin. Shekarun da na yi ina koyar da ilimin magunguna ban samu bayanin da ya fi wannan ba. Riƙe shi, da shi za mu bi tambayoyinki biyu.

Ƙwayar da ƙudan tsando ke sa wa mutum ana kiranta tirifanosoma, kuma ba bakteriya ba ce. Bakteriya tana da bangon da ƙwayoyin jikinmu ba su da irinsa, shi ya sa fenisilin ke rusa bangon ya wuce mu lafiya. Ita tirifanosoma ginin ƙwayarta ya yi kusa da namu ƙwarai, saboda haka yawancin abin da zai kashe ta mu ma zai taɓa mu. Rigakafi kuma ya gagara, domin tana sanye da riga ta furotin iri ɗaya kimanin miliyan 10, kuma tana da tsarin wasu rigunan kusan 2,000 a ajiye. Kafin garkuwar jiki ta gane wannan riga, wasu daga cikinsu sun canza wata. Ga kuma matsala ta uku: bayan watanni ko shekaru a jini, ƙwayar kan tsallaka shingen da ke tsakanin jini da ƙwaƙwalwa. A nan ne barci ke birkicewa, mutum ya yi ta gyangyaɗi da rana ya kasa runtsawa da dare, halinsa ya canza, daga ƙarshe ya suma ya tafi. Shingen nan kuwa an yi shi ne don ya hana baƙin abubuwa shiga, magunguna ma yana tare su.

Kakata ta ga zamanin da ba a san makasa ba. Ta ba mu labarin yadda ma'aikatan ciwon barci kan iso gari a wajen Anchau a jera mutane, a yi ta lalubar bayan wuya ana neman kaluluwa. Wanda aka samu a soka masa allura a ɗebi ruwan a duba a madubin likita. A shekarun 1930 da 1940 cutar ta yi tsanani a lardin Zazzau har aka sassare kurmin bakin rafuka, aka tashi mutane aka gina musu sabon gari aka sa masa suna Takalafiya. Ɗaya daga cikin alluran wancan lokaci, tirifasamaid, da gubar asanik aka haɗa shi, kuma yakan taɓa idon wasu. A 1949 likita Ernst Friedheim ya fito da melasofurol, shi ma asanik ne, amma yana shiga ƙwaƙwalwa da kyau. Fiye da shekara hamsin shi ne madogara ga wanda cutarsa ta yi nisa. Ruwa ba ya narkar da shi, sai wani sinadari mai ƙona jijiya, majinyata kan ce kamar an zuba musu wuta. Cikin mutum 100 da aka yi wa, 5 zuwa 10 ƙwaƙwalwarsu kan kumbura, kuma kusan rabin waɗannan kan rasu. Ki tsaya ki auna: maganin da kansa yana ɗauke kusan mutum ɗaya cikin ashirin, kuma likita ba shi da zaɓi, don in ya bar majinyaci cutar ce za ta ɗauke shi. Wannan harbi ne da ke samun dabba ya samu na tsaye kusa da ita.

Misalin da na fi son ki fahimta shi ne na eflonitin, don yana rusa abin da ɗalibai da yawa ke zato, wai dole makasa ta zama abin da ƙwayar cuta ke da shi mu ba mu da shi. An ƙirƙiro eflonitin a shekarun 1970 don ciwon daji, bai yi abin da aka so ba. A 1980 Cyrus Bacchi a Amurka ya gwada shi a kan ɓeraye masu tirifanosoma, suka warke. Aikinsa shi ne ya kama wani inzayim, wato furotin mai gudanar da aiki a cikin ƙwaya, da ake kira ODC, ya manne masa har abada. Inzayim ɗin ne ke fara sarrafa sinadaran da ƙwaya ke buƙata kafin ta rabu biyu. To mu ma muna da ODC, kuma maganin yana kama namu. Bambancin shi ne jikin mutum yana zubar da tsohon ya ƙera sabo cikin ƙasa da awa ɗaya, ita kuwa ƙwayar irin ta Afirka ta Yamma da ta Tsakiya sai ta shafe sa'o'i masu yawa ba ta sabunta nata ba. Kamar manoma biyu ne da fartanyarsu ta karye rana ɗaya, ɗaya maƙeri na ƙofar gidansa, ɗaya sai ya jira ranar kasuwa. Ƙwayar ta kasa hayayyafa, garkuwar jiki ta share ta. Irin ta Gabashin Afirka tana sabunta nata da sauri fiye da haka, shi ya sa maganin ba ya yi mata sosai. An yi masa rajista a 1990, kuma saboda yadda yake tayar da waɗanda suka riga suka suma aka yi masa laƙabi da maganin tayar da matattu.

Abin da ya biyo baya har yau yana sosa mini rai, kuma shi ne rabin amsar tambayarki ta biyu. A 1995 aka daina yin sa, don masu ciwon barci talakawan ƙauye ne, ba su da abin saye. A daidai shekarun nan cutar ta sake ɓarkewa a Kwango da Angola da kudancin Sudan, inda yaƙi ya tarwatsa asibitoci. A 1998 an rubuta mutum kusan 40,000 da suka kamu, ana kuma ƙiyasin waɗanda ba a gano ba sun kai 300,000. Sai a shekarar 2000 sinadarin ya sake fitowa a kasuwar Amurka a matsayin man shafawa mai suna Vaniqa, na rage gashin fuskar mata, don gashi ma da ODC yake tsiro. Ƙungiyar likitocin MSF da wasu suka tayar da murya, a 2001 aka ƙulla yarjejeniya da Hukumar Lafiya ta Duniya aka dawo da shi kyauta. Ko a lokacin ma ba shi da sauƙi: ƙarin ruwa 56 a kwana 14, kowace awa shida, dare da rana, a ƙauyen da ba wuta ba hanya. A 2009 aka haɗa shi da wani maganin haɗiya mai suna nifurtimoks, ƙarin ruwan ya sauko zuwa 14 a kwana bakwai.

Ɗaya rabin amsar shi ne na kibiyar da ba ta isa ba. A 1985 Alan Fairlamb da abokan aikinsa suka gano wani sinadari da tirifanosoma ke kare kanta da shi daga guba, suka sa masa suna tirifanotayon. Mutum ba shi da shi, ba shi da inzayim ɗin da ke sabunta shi, ita kuma ƙwayar ba ta rayuwa in babu shi. A takarda ba makasar da ta fi wannan kyau, kuma na tabbata tana cikin sunayen da kika haddace. Shekara arba'in ke nan ba a samu maganin da aka ƙera takanas don ita ya kai ga majinyaci ba, domin ramin da magani zai zauna a jikin inzayim ɗin yana da faɗi, ƙaramin sinadari ba ya toshe shi, babba kuma ba ya ratsa jiki. A 2010 masu bincike a Jami'ar Dundee ta Sikotland suka ƙera wani sinadari mai kama inzayim NMT. Ya warkar da ɓeraye sarai muddin cutar tana jini. Da ta shiga ƙwaƙwalwa sai ya tsaya a bakin shinge.

Magunguna biyu da suka canza al'amarin a zamaninmu ta wata hanyar aka same su: an zuba sinadarai a kan ƙwayar mai rai aka ga wanda ya kashe ta, daga baya aka bi sawu aka gano inda ya same ta. Feksinidazol tsohon sinadari ne da wani kamfanin Jamus ya haɗa a shekarun 1970 ya ajiye. Ƙungiyar DNDi, wadda aka kafa a 2003 don cututtukan da kasuwa ta juya wa baya, ita ta tono shi. Yana shiga jiki ne kamar tarkon da ba a ɗana ba. Tirifanosoma tana da wani inzayim irin na bakteriya wanda mu ba mu da shi, kuma shi ne ke ɗana tarkon ya mai da maganin guba a cikin cikinta. Hukumar magunguna ta Turai ta amince da shi a Nuwamban 2018. Ƙwaya ce ta haɗiya: uku-uku kwana huɗu, biyu-biyu kwana shida ga babba, kuma dole a sha bayan an ci abinci, in ba haka ba hanji ba ya tsotse shi yadda ya kamata.

Na biyun, akoziborol, shi ne wanda nake ɗora wa fata. Tirifanosoma tana rubuta saƙonnin halittarta ne a jere, doguwar tsiri guda kamar bandir ɗin yadi, sai an yayyanka kafin kowane saƙo ya yi aiki. Almakashin sunansa CPSF3, kuma a 2018 aka tabbatar a bakinsa maganin ke maƙalewa. Mu ma muna da irin almakashin, amma siffar bakinsa ta ɗan bambanta, maganin ba ya zama a ciki da kyau. An gwada shi a kan mutum 208 a Kwango da Gini, sakamakon ya fito a 2022: ƙwaya uku, sha ɗaya tak, kashi 95 cikin 100 na waɗanda cutar ta kai musu ƙwaƙwalwa sun warke. Wanda ya taɓa ganin an lanƙwasa yaro ana huda gadon bayansa don ɗebo ruwan laka a san ko cutar ta haura, shi ya san darajar maganin da zai sa a daina wannan.

Kada ki ce to binciken makasa ɓata lokaci ne. Shi ne ke gaya mana dalilin da magani ke daina aiki. Melasofurol da fentamidin, wani tsohon maganin ciwon barci, ta wasu ƙofofi suke shiga cikin ƙwayar, ɗaya ana ce mata P2, ɗaya AQP2. In ƙwaya ta rasa ƙofar, maganin ya tsaya a waje makasa na ciki lafiya lau, kuma haka aka gani a wuraren da melasofurol ya riƙa gazawa a ƙarshen shekarun 1990. Feksinidazol da nifurtimoks kuma inzayim ɗaya ke ɗana su, saboda haka ƙwayar da ta koyi kauce wa ɗaya tana iya kauce wa ɗayan. A aikinki, kowace makasa kika ambata ki tambaye ta: in an taɓa ki ƙwayar za ta mutu? Mutum zai tsira? Akwai hanyar da magani zai iso ki, har cikin ƙwaƙwalwa? Yanzu dai tun 2018 waɗanda ake samu da cutar a duk duniya ba sa kai 1,000 a shekara, an tabbatar Gana ta kawar da ita a matsayin barazana ga lafiyar jama'a a 2023, Cadi a 2024. Kina Zariya, Cibiyar Binciken Cutar Sammore ta Najeriya tana nan Kaduna kusa da ke, da reshe a Vom. Ki nemi takarda daga sashenku ki je ki gan ta tana wutsil-wutsil a cikin ɗigon jini da idonki.

Daga wani makiyayi, ƙasar Kachiya: Malam, ɗana ne ya rubuta mini. Da can in saniya ta kamu da sammore, fakiti ɗaya na Berenil ya isa ta miƙe. Bana akwai wadda na yi wa sau uku tun faɗuwar ruwa, ta ɗan farfaɗo ta koma, ta rame, gashi ya tashi, ido na hawaye. Gaskiya in kuɗi sun yi ƙaranci nakan raba fakiti ɗaya ga shanu biyu. An ce mini ƙarfin maganin aka rage. Haka ne?

Amsa: Ɗan'uwa, Allah Ya ƙara wa garke albarka, a gaida yaron da ya riƙe alƙalami. Na gode da ka faɗi gaskiya a kan rabon fakitin, don a nan zan fara. Ƙaramin fakitin nan mai giram 2.36 an auna shi ne don dabba mai nauyin kilo 300. Babbar saniyar Bunaji ita kaɗai ta kusa cinye shi, babban bijimi ma ya fi ƙarfinsa. In ka raba biyu, kowace ta samu abin da zai kashe raunanan ƙwayoyin ya bar masu taurin rai. Saniya ta ji sauƙi kwana kaɗan, waɗanda suka tsira su hayayyafa, tsando ya kwashe su ya kai wa shanun maƙwabcinka. Dabbar da aka harba ba a samu makasarta ba, gobe ba a samunta da sauƙi.

Ƙwayar sammore 'yar'uwar ta ciwon barci ce. A cikinta akwai wani ƙulli na DNA, wato sinadarin gadon halitta, da ake kira kinetofilas, dubban zobba ne sarƙe da juna kamar sulken da mahaya ke sawa ranar hawan salla. Dabba ba ta da irinsa, mutum ma haka. Sinadarin da ke cikin Berenil da wanda ke cikin Samorin, ɗayan maganin sammore, duk a nan suke taruwa su hana ƙwayar kwafe shi. Berenil ya fito a 1955, Samorin a farkon shekarun 1960, kuma tun daga nan ba wani sabo da ya shigo kasuwar shanu. Ana gwada wasu daga dangin akoziborol da na ambata a sama, amma yau waɗannan tsofaffin ne a hannunmu, kuma an riga an samu ƙwayoyin da suka ƙi jin su a ƙasashen Afirka da dama, har da Najeriya. Shi ya sa nake jin zafin duk fakitin da aka raba.

Amma ba zan yanke cewa ƙwayar saniyarka ta bijire ba, akwai abubuwan da sai an duba. Berenil warkarwa yake yi, ba ya daɗewa a jini, saboda haka in kuna mashekari kusa da kurmi da damina, saniya na iya warkewa tsando ya sake cizonta bayan mako biyu ko uku. Samorin ne ke tsare dabba na wasu watanni. Zancen da aka gaya maka ma ba banza ba ne: jabu da marar cikakken awo suna yawo a kasuwannin ƙauye, musamman fakitin da ya kwana a rana a kan tabarma. Sannan rama da tashin gashi ba sammore kaɗai ke kawo su ba, tsutsar ciki da ciwon hanta da cututtukan kaska duk haka suke farawa. Allura uku ba sauƙi ya isa dalilin kiran likitan dabbobi ya ɗebi jini daga kunnenta ya duba, ya ga kashinta. In ya tabbatar sammore ce, kada a maimaita Berenil karo na huɗu, a juya zuwa Samorin da cikakken awo. Tun shekarun 1960 masana suka shawarta a riƙa musanya waɗannan biyun. Ka nemi igiyar awon da ake zagaya ƙirjin dabba a san nauyinta, ba ta da tsada. A dama maganin da ruwan da aka tafasa ya huce, a yi allurar can cikin tsoka. Kuma a duba kwanakin da aka rubuta a jikin fakiti na dakatar da shan nono da yanka, don yaranku ne ke fara shan nonon nan.

Daga wani mai raƙuma, Tanut, jihar Damagaram: Malam, amalena ya rame, tozonsa ya zube. Wani ya ce sammore ce, in yi masa Berenil irin na shanu. In yi?

Amsa: Alhaji, kada ka yi. Raƙumi ba ya jure sinadarin da ke cikin Berenil yadda saniya ke jurewa. Yana iya taɓa masa ƙwaƙwalwa da ƙoda, ya kama rawar jiki da tangaɗi har ya faɗi ya mutu. Masu karnuka ma su kiyaye, haka yake yi musu in awo ya wuce ko an maimaita. Ƙwayar da ke kama raƙumi wani reshe ne na dangin, ba ta buƙatar tsando, manyan ƙudaje masu cizo ne ke ɗaukarta a baki daga dabba zuwa dabba, shi ya sa take kaiwa har arewa inda ba kurmi. Ta kuma riga ta zubar da wani ɓangare na sulken nan da na yi wa ɗan'uwanmu na Kachiya bayani, ta koyi rayuwa ba tare da shi ba, don haka Samorin ma ba ya yi mata sosai. Akwai maganin da aka yi domin raƙumi, Cymelarsan, ɗan'uwan melasofurol ne, kuma da nauyin dabba ake auna shi. Ƙwayar takan yi ƙaranci a jinin raƙumi har a duba a madubi ba a gan ta ba, saboda haka ka kai shi ma'aikatar kiwo ta garinku ka ce a yi masa gwajin jini na kati, kuma kafin nan ka raba shi da sauran a nesanta su da bakin tabki da rana tsaka, lokacin da ƙudajen suka fi yawa.